Nikon D3500 ta fito, in saya ko in tsaya a kan Canon?

Tambayar da wani ƙanena ya turo ke nan a 2018, jim kaɗan bayan fitowar kyamarar, kuma farashi da yanayin kasuwar da ke cikin amsar duk na lokacin ne. Ya ce ya ji Nikon ta sanar da sabuwar kyamara D3500, shi kuma ya daɗe yana tara kuɗi don ya fara ɗaukar hoton biki da suna, yana so ya sani ko wannan sabuwar ta fi Canon 2000D da yake gani a shaguna, sannan anya ma DSLR, wato kyamara mai madubi a cikinta da ake canza wa lens, tana da sauran kasuwa tunda kowa zancen kyamara marar madubi yake yi.

Wa'alaikassalam ƙanena, Allah ya sa albarka a abin da ka tara. Bari in fara da gajeriyar amsa tukuna. In hoto zalla zaka yi, a wannan farashin a 2018 babu sabuwar DSLR da ta kama ƙafar D3500, ta fi 2000D nesa ba kusa ba. In kuma da bidiyo a lissafinka, ko da rabi da rabi ne, to kar ka saye ta. Sannan kalmar "sabuwa" ɗin nan kar ta ɗauke maka hankali don gaskiya sabuntar ba ta da yawa, yanzu zaka ga dalili.

Ranar 30 ga Agustan 2018 Nikon ta sanar da ita, farashin Amurka dala 499.95 haɗe da lens ɗin AF-P 18-55mm mai VR, wato mai rage girgizar hannu. In ka buga da canjin 2018, dala wajen naira 360, ya kama kusan dubu ɗari da tamanin ke nan tun kafin a sa kuɗin dako da kwastan da ribar ɗan kasuwa, saboda haka kar ka je shago da wannan lambar a kai ka ce an cuce ka. Abin da ke cikinta: sensa, wato farantin da ke karɓar haske ya zama hoto, mai megafiksel 24.2, injin sarrafa hoto EXPEED 4, wuraren fokas 11, hoto biyar a daƙiƙa ɗaya, ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin haske, daga 100 zuwa 25600, bidiyo 1080 har firem 60. To duk wanda ya san D3400 ta 2016 zai ce ai wannan lissafin na taɓa jin sa, kuma ya yi gaskiya, kai har D3300 ta 2014 kusan haka take. Mota ce aka sake wa bodi da kujeru amma injin na nan yadda yake. Abin da ya canza da gaske guda huɗu ne, mariƙin ya ƙara zurfi ya fi zama a hannu, maɓallan duk sun koma gefen dama na sikirin, nauyi ya ragu zuwa giram 365 ba batir, sai batirin da ya ƙara daɗewa. Da kuma farashi, don D3400 lokacin da ta fito dala 649.95 ce. Wannan ragin na dala 150 shi ne ainihin labarin, ba wani sabon fasali ba.

Kuma ba a banza farashin ya sauka ba, akwai abubuwan da aka dinga zarewa a hankali. D3300 tana da ramin sa makirfo na waje, tana da na'urar da ke girgiza sensa ta kakkaɓe ƙura, D3400 ta zo an cire duka biyun an kuma rage ƙarfin ɗan filashin da ke kanta. Yanzu D3500 an ƙara cire maɓallin Fn wanda yawancinmu muke ɗora ISO a kai, an cire wurin karɓar rimot ma, sai dai ka yi da waya. Maganar ƙurar nan mutumin Turai zai iya ɗaga kafaɗa ya wuce, mu kam ba za mu iya ba, in hunturu ya kama ka canza lens sau biyu a fili ko a ƙofar gidan biki zaka fara ganin ɗige-ɗige a sararin sama da jikin farin bango musamman in ka tsuke ƙofar shigar haske ta lens zuwa f/11. Ba abin tashin hankali ba ne, ɗan famfon roba na hura iska yana maganin yawanci, amma ka sani kai ne zaka dinga yin aikin da hannu, kuma ka koyi juya bakin kyamara ƙasa duk sanda zaka cire lens.

Batir kuwa nan ne ta yi wa kowa fintinkau. A ma'aunin CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, caji ɗaya na EN-EL14a yana ba da hoto 1,550. Canon 2000D 500 ne, 200D 650, Sony a6000 wajen 360, Canon M50 kuma 235 kacal. Akwai ɗan wayo a ciki, don a gwajin nan ana harba filashin kan kyamara a rabin hotunan, to tunda sun rage masa ƙarfi dole lambar ta haura, amma ko ka cire wannan tazarar tana da yawa. Ga wanda zai fita kamu da yamma, ɗaurin aure da safe, dina da dare, ga wutar NEPA da ka san halinta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sharaɗin dai ka dinga ɗauka ta tagar leƙe, in ka kunna sikirin kana ɗauka kamar waya to batirin zai zube kamar na kowa.

Sai ingancin hoton kansa, wanda shi ne dalilin da ya sa nace ta fi. A takarda duka biyun megafiksel 24 ne, Nikon 24.2 Canon 24.1, mai shago zai ce maka ai ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Na farko Nikon ta cire tacen da ake sawa a gaban sensa mai ɗan tausasa hoto, shi ya sa zaren shadda da aikin hula suke fitowa tsaf. Na biyu kuma wanda ya fi muhimmanci a aikinmu, yawan abin da sensa ke iya riƙewa tsakanin wuri mai haske sosai da wuri mai duhu a hoto ɗaya. Ka ɗauki ango baƙin mutum cikin farar shadda mai sheƙi da babbar riga, ƙarfe biyu na rana bayan an sauko daga masallaci, in ka bi fuska rigar ta ƙone ta zama farin fili ba ko alamar aiki, in ka bi riga fuska ta nutse. Abin da muke yi shi ne ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka auna haske a kan rigar kar ta ƙone, in ka zo editin ka ɗago inuwar fuskar. Sensar Nikon ɗin nan tana jure wannan ɗagowar sosai a ISO 100, ta 2000D kuwa da ka ja ta da ƙarfi sai yashi-yashi da wani launi-launi su fara fitowa a inuwar. Masu Canon za su ce launin fata ya fi daɗi a tasu kai tsaye daga kyamara, kuma ban ƙi ba, JPEG ɗin Canon yana da wani ɗumi da amare ke so, amma wannan abu ne da zaka iya gyarawa cikin minti ɗaya, rigar da ta ƙone kuwa ta tafi ke nan.

Ita 2000D ɗin a Fabrairun 2018 Canon ta fito da ita tare da ƙanwarta 4000D. Ka lura da sunaye don kayan da ke shigo mana ta Dubai da Chana suna zuwa da suna daban-daban, 1500D da Rebel T7 duk 2000D ce, 3000D da T100 kuma 4000D ce, kar wani ya ce maka wata daban ce ya ƙara kuɗi. Injin cikinta DIGIC 4+ ne, tsoho, hoto uku a daƙiƙa, wuraren fokas 9, bidiyo ya tsaya a firem 30. Tana da wayfai wanda D3500 ba ta da shi, ita Bluetooth kawai gare ta da manhajar SnapBridge da ke tura ƙananan hotuna masu megafiksel 2 zuwa waya, sun isa WhatsApp da Instagram amma ba na wanki ba. To amma babban abin da ya sa nake hana masu farawa 2000D da 4000D shi ne mazaunin filashi. A waɗanda suka fito a 2018 Canon ta cire fil ɗin tsakiya, babban nan da yawancin filashi suke jin umarnin harbawa ta cikinsa. Ma'ana filashin manuwal masu araha irin Yongnuo YN560 da yawancin masu hoton biki suka fara da su, da rimot ɗinsu na harba filashi daga nesa, ba za su tashi a kanta ba, sai na Canon ko wasu ƙalilan na wasu kamfanoni da aka daidaita da ita. Mai hoton biki ba filashi ai bai fara ba. D3500 mazauninta cikakke ne, duk abin da ka ɗora zai harba. Ita kuwa 4000D ban ma so mu ɓata lokaci, bakin da ake ɗaura lens na roba ne, sikirin inci 2.7 dishi-dishi, sensa megafiksel 18 irin ta tun zamanin 550D, an yi ta ne don a ce akwai mai araha.

Yanzu inda Nikon ɗin ta faɗi. Bidiyo. Hoton bidiyon kansa ba laifi, firem 60 ma yana ba ka damar rage gudu a wurin rawa ko liƙi, amma babu ramin makirfo, kuma wanda ya taɓa ɗaukar wa'azin walima ko jawabin uban amarya da makirfon cikin kyamara ga janareto na ruri a baya ya san abin da nake nufi. Sikirin a kafe yake baya juyawa baya jin taɓi. Fokas a bidiyo yana ta kai da kawo yana neman fuska, duk da lens ɗin AF-P ya rage abin sosai don motarsa shiru ce kuma da sauri. Ga wani abin haushi, in kana cikin yanayin bidiyo ba zaka iya canza buɗewar lens ba sai ka fita ka canza ka dawo. 2000D ma ba ta da ramin makirfo, ita bata ma bin fokas da kanta in ana ɗauka, saboda haka ba ita ce mafita ba. Mafitar a gidan Canon ita ce 200D ta 2017, tana da Dual Pixel wanda yake kama fuska ya bi ta lafiya lau, sikirin mai juyawa mai jin taɓi, da ramin makirfo. Ta fi tsada amma in bidiyo ne abincinka kuɗin bai tafi a banza ba. A gidan Nikon sai ka hau D5600 kafin ka samu makirfo da sikirin mai juyawa da wuraren fokas 39, amma ko ita fokas ɗinta na bidiyo bai kai na 200D ba.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ya kamata ka sani tun yanzu. Cikin wuraren fokas 11 ɗin nan na tsakiya ne kaɗai mai ƙarfi, a hol mai fitilu ja da shuɗi da hayaƙin nan da suke saki lokacin shigowar amarya na gefe za su dinga ruɗewa, ka saba da amfani da na tsakiya ka kama ido sannan ka gyara tsayuwar hoton. Na biyu, da filashi shota ba ta wuce 1/200, D3500 ba ta da tsarin da ke ba filashi damar bin shota mai sauri, to in kana son ɗaukar hoton kafin biki da rana tsaka da lens a buɗe da filashi sai ka nemi tace mai rage haske ka ɗaura a gaba.

To sai maganar da ba a rubutawa a jikin kwali, kuma ita ce take yanke hukunci a kasuwarmu: lens. Kai ba kyamara kake saya ba, gida kake shiga. Lens ɗin 18-55 zai yi maka hoton taro da na dangi, amma hoton amarya da bayanta ya dushe ita ta fito ɗas, wanda shi ne ake biyan kuɗi dominsa, sai da lens mai buɗewa f/1.8. A nan Canon ta fi sauƙi, 50mm f/1.8 STM dala 125 ne sabo a 2018, kuma duk lens ɗin EF, wato mai bakin ɗaurawa na Canon, tun daga 1987 yana yin fokas da kansa a kan kowace DSLR ɗinsu. Nikon bakin F ɗinta ya fi tsufa, tun 1959, amma akwai tarko: D3500 ba ta da motar fokas a cikin bodi, sai lens mai tasa motar, wato masu rubutun AF-S ko AF-P. In aka miƙo maka 50mm f/1.8D mai araha zai ɗauru, zai yi hoto, amma da hannu zaka dinga murɗa fokas, a tsakiyar biki kuwa wannan wahala ce. Wanda zaka nema shi ne mai G, ko 35mm f/1.8G DX wajen dala 200 a lokacin, ko 50mm f/1.8G da ya ɗara haka kaɗan. Ni 35 ɗin nake ba wa mai farawa shawara don ɗakunan amarenmu ba faɗi gare su ba, ga kaya ga ƙawaye, da 50 a irin wannan sensar sai ka ja baya har ka jingina da bango baka gama ɗaukar mutum biyu ba. Sannan akwai haɗin da suka fitar mai lens biyu a dala 849.95 a 2018, ka lura 70-300 ɗin da ke ciki ba mai VR ba ne, ba na ganin ya cancanci ƙarin.

Kuma ka duba su wa ke kusa da kai. A abin da nake gani a wuraren biki Canon ta fi yawa a hannun mutanenmu, kuma wannan yana da tasiri, batirinka ya mutu akwai wanda zai ara maka, kana son lens na kwana ɗaya akwai, mai gyara ya fi sanin cikinta, ranar da zaka sayar ma ba ka rasa mai saye. In ogan da kake koyo a wurinsa ɗan Canon ne kuma yana ba ka aron kaya, to wallahi wannan ya fi ƙarin ingancin sensa amfani a gare ka, sai dai ka tsallake 2000D ka nemi 200D ko ta hannu mai kyau.

Game da ko DSLR tana da sauran kasuwa. Alƙaluman CIPA sun nuna a 2010 an fitar da kyamarori kusan miliyan 121 a duniya, a 2017 sun dawo wajen miliyan 25, waya ta cinye yawancin kasuwar ƙananan kyamarori. DSLR kaɗai ta kai wajen miliyan 16 a 2012, a 2017 ta sauko ƙasa da miliyan 8, marasa madubi kuma suna wajen miliyan 4 suna hawa. Ka kuma dubi jerin ranakun nan na 2018, 23 ga Agusta Nikon ta sanar da Z6 da Z7 marasa madubi da sabon baki, bayan sati ɗaya ta sako D3500 ba wani shagali, 5 ga Satumba Canon ta fito da EOS R. Ba sai an gaya maka inda kuɗin bincikensu ya koma ba. A ganina D3500 kyamara ce ta riƙon ƙwarya, an ɗauko kayan da kuɗin ƙirƙirarsu ya daɗe da fita an zuba a ƙaramin bodi an karya farashi don a jawo wanda waya ta fara yi masa kaɗan, in ya shigo ya sayi lens biyu to ya zama ɗan gida. Wannan ba aibu ba ne a wurinka, kai ma riba ka ci, sensarta ta ninka ta yawancin wayoyin 2018 fiye da sau goma a girma kuma a hol da dare nan ne bambancin yake bayyana. Ko da kamfanonin sun rage yin sababbi, lens ɗin F da EF da ke yawo a duniya miliyoyi ne, kuma duk sanda manya suka koma marar madubi tsofaffin kayansu kasuwar hannu suke gangarowa farashi ya sauka.

Marasa madubin da ke kusa da wannan kuɗin, Sony a6000 ce ta fi ba ta tsoro duk da tun 2014 take, wuraren fokas 179, hoto 11 a daƙiƙa, kuma abin da ka gani a tagar leƙe shi zai fito, wanda yake sauƙaƙa koyo ƙwarai. Matsalarta batir, sai ka riƙe uku, lens ɗinta sun fi tsada kuma ba su cika yawa a hannun mutane a nan ba, ita ma kuma ba ta da ramin makirfo na gama-gari. Canon M50 ta fi dacewa da mai bidiyo, amma a 2018 kuɗinta ya kusa ninka na D3500, 4K ɗin da ake tallatawa kuma yana yanke gefen hoto sosai sannan Dual Pixel baya aiki a cikinsa.

Babbar kishiyar D3500 a wurinmu dai ba sabuwa ba ce, ta hannu ce. D3300 mai tsabta hotonta kusan ba zaka bambance shi da na D3500 ba, ga ramin makirfo ga mai kakkaɓe ƙura, a kuɗi ƙasa da haka. A Canon akwai 600D da 700D da 60D, duk suna da sikirin mai juyawa da makirfo da cikakken mazaunin filashi. In zaka bi wannan hanyar ka duba adadin harbin shota, irin wannan ajin ana ƙiyasta musu wajen 100,000, a Nikon lambar tana ɓoye cikin bayanan kowane hoto, a Canon sai an haɗa da kwamfuta. Ka ɗauki farin bango a f/16 ka zuƙo ka ga ƙura ko tabo, ka haska tocila cikin lens ka duba fumfuna musamman kayan da suka zauna a Legas ko Fatakwal inda akwai laima, ka gwada filashi a kanta, ka ɗauki bidiyo na minti biyar ka ga ko tana ɗaukewa. Ka je da wanda ya sani, kar ka je kai kaɗai.

In ni ne kai kuma hoto zan yi, ga yadda zan raba kuɗin: D3500 da lens ɗinta na kwali, 35mm f/1.8G, filashi ɗaya mai juya kai na Godox ko Yongnuo da batiransa masu caji, mimori biyu masu kyau don rami ɗaya gare ta kuma ba a sake ɗaura aure don katinka ya lalace, sai famfon hura ƙura. In kuɗin bai kai duka ba, to ka sauka zuwa D3300 ko D3400 ta hannu ka sayi lens da filashin, kar ka yi akasin haka. In kuma ka san rabin aikin da za a kira ka bidiyo ne, ka ƙara haƙuri wata biyu ko uku ka cika kuɗin 200D. Ka turo min adadin abin da ke hannunka da irin kyamarar da oganka yake riƙewa sai mu daidaita lissafin.